Leonhard Euler da Lambar da Ta Ƙaryata Fermat

Cikin masanan lissafi na dā, ba wanda na fi son ba 'yan makaranta labarinsa kamar Leonhard Euler, wanda a ke faɗin sunansa Oila. An haife shi a Basel, ta ƙasar Suwizalan, cikin 1707. Ubansa limamin coci ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma wani babban malami, Johann Bernoulli, ya ga kan yaron na lissafi ne, ya sa baki aka bar shi. Cikin 1727 ya tafi aiki St. Petersburg, a Rasha.

To, ku malaman gobe kun san akwai lambobin da ba su rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 7 da 13. Wani Bafaranshe, Fermat, ya ɗauki 2, ya yi ta sau kanta ya sami 4, ya yi 4 sau 4 ya sami 16, haka 256, haka 65,536. Da ya ƙara 1 bisa kowace sai ga 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk ba su rabuwa. Cikin 1640 ya ce a ganinsa haka abin zai yi ta tafiya har abada. Shekara casa'in da 'yan kai ba wanda ya kawo hujjar musu, gama ta shida ita ce 4,294,967,297, wa zai zauna ya yi ta gwada ta?

Sai cikin 1732 Euler, yana da shekara 25, ya nuna 641 sau 6,700,417 ita ce wannan lamba cif. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da ya bayyana daga baya. Ya tabbatar duk lambar da za ta raba ta, lalle in an raba ita da 64 saura 1 zai rage. Watau sai a gwada 193, 257, 449, 577, ta biyar kuwa 641. Ku ba 'yan aji babba su yi sau ɗin da alli, su gani da idonsu. Har yau ba a sami wata cikin jerin Fermat bayan 65,537 wadda ba ta rabuwa ba.

Ya zauna Berlin daga 1741 zuwa 1766, sa'an nan ya koma Rasha. Idonsa na dama ya mutu tun yana da ƙuruciya, wajen 1771 kuma na hagu ya bi, gobara ta cinye gidansa a shekarar. Duk da haka bai ajiye aiki ba, yana faɗa, 'ya'yansa da almajirai suna rubutawa. Yana makaho ne, cikin 1772, ya tabbatar 2,147,483,647 ba ta rabuwa. Ya rasu a St. Petersburg ran 18 ga Satumba, 1783, yana da shekara 76.