Christopher Strachey da Rikicin Alamar Tarawa

A satin da ya kamata in miƙa furojet ɗina na ƙarshe, manhajar da na rubuta don lissafin kuɗin makaranta ta ce wani ɗalibi zai biya naira 5000200. Ni kuwa dubu biyar na ce ta tara da ɗari biyu. Kwana biyu ina neman aljanin da ya shiga kwamfutar, ashe ɗari biyun ta shigo a matsayin rubutu, sai JavaScript ya liƙa ta a jikin dubu biyar maimakon ya tara. Garin neman dalili ne na ci karo da sunan Christopher Strachey, Baturen Ingila da ya raɗa wa wannan hali na alamar + suna tun 1967.

An haife shi a Landan ranar 16 ga Nuwamba, 1916, a gidan 'yan boko na gaske. Mahaifinsa Oliver gwani ne wajen warware saƙonnin sirri, mahaifiyarsa Ray tana cikin masu fafutukar 'yancin mata, baffansa Lytton kuwa marubuci ne sananne. Da irin wannan gida sai ka ɗauka yaron zai cinye jarrabawa. Ina! Ya shiga King's College a Kambirij a 1935, ya fara da lissafi ya koma fiziks, a shekara ta uku ya yi fama da matsalar ƙwaƙwalwa, daga ƙarshe ya fita da digiri mai daraja ta biyu, ita ma ta ƙasa. Wannan sakamako ya toshe masa hanyar karatun gaba. Masu kwana da fargabar allon sakamako, ku dai biyo ni.

Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aikin bincike a kamfanin Standard Telephones and Cables, bayan yaƙi ya zama malamin makaranta, har ya kai Harrow a 1949. Yana wannan koyarwa ne, a 1951, ya rubuta wa na'urar Pilot ACE manhajar wasan dara irin ta Turawa, a lokacin hutunsa. Ƙwaƙwalwar na'urar ta yi kaɗan. Sai ya nemi littafin jagora na kwamfutar Manchester daga wurin Alan Turing, wanda ya sani tun Kambirij, ya sake rubuta wasan dominta. A kan wannan na'ura ce ya sa kwamfuta ta rera taken ƙasar Birtaniya, a 1952 kuma ya koya mata haɗa wasiƙun soyayya. Malamin sakandare fa! A shekarar ya bar alli ya koma harkar kwamfuta gaba ɗaya.

Daga nan ayyuka suka yi ta zuwa. Ya sa hannu a tsara kwamfutar Ferranti Pegasus, ya gabatar da takarda a Faris a 1959 kan yadda ayyuka da yawa za su raba lokacin kwamfuta ɗaya, sannan ya jagoranci ƙirƙirar yaren CPL. Yaren ya cika buri, bai taɓa kammaluwa yadda aka so ba, amma daga gare shi BCPL ya fito, daga BCPL aka sami B, daga B aka sami C ɗin nan da ya wahalar da mu a shekarar farko.

Abin da ya fi damuna da shi dai laccocin da ya yi ne a Kofanhegan a watan Agusta na 1967. A nan ya tsaya ya dubi abin da kowa ke yi ba tare da tunani ba: alama ɗaya, aiki iri-iri. In ka rubuta 2 + 3, na'ura tana bin hanya ɗaya. In ka rubuta 2.5 + 3.5, wata hanyar daban take bi, duk da alamar ba ta sauya ba. Strachey ya raba wannan hali gida biyu. Akwai wanda ƙa'ida guda ke aiki a kan kowane irin abu, kamar ƙirga tsawon jeri, ko na lambobi ne ko na sunaye. Akwai kuma wanda ya kira ad hoc, kalmar Latin mai nufin abin da aka yanka don buƙata guda, inda kowane haɗi sai an rubuta masa dokarsa daban. Alamar + tana gida na biyu. Bai ɓata lokaci a kansa ba, gida na farko ne ya fi ba shi sha'awa.

Amma a gida na biyun ne mu muke shan wuya, musamman a yarukan da sai manhaja tana gudana ake sanin irin abin da ke hannu. In hagu lamba ce, dama kuma rubutu, wa zai yanke hukunci? JavaScript liƙawa yake yi shiru, shi ya sa na ga 5000200. Python tsayawa yake ya yi maka ƙorafi. In kuwa abubuwan naka ne ka ƙirƙira, Python zai fara tambayar na hagu ta hanyar __add__, in ya ce bai iya ba sai ya juya ga na dama ta __radd__. Julia, da ya fito a 2012, yana duban nau'in ɓangarorin biyu lokaci guda ya zaɓi dokar da ta fi dacewa, dabarar da 'yan Lisp suka riga shi amfani da ita. A ganina ta Julia ta fi adalci, don ba dalilin da na hagu zai zama sarki kawai saboda shi aka fara rubutawa.

Strachey ya koma Oksfod a 1965 ya kafa rukunin binciken furogiramin. Daga 1969 shi da Dana Scott suka duƙufa wajen bayyana ma'anar manhaja da lissafi tsantsa, a 1971 kuma mai digirin nan na ƙasa ya zama farfesa. Ciwon hanta ya ɗauke shi ranar 18 ga Mayu, 1975, yana da shekara 58. Laccocin Kofanhegan kuwa kwafe-kwafensu aka yi ta yawo da su hannu zuwa hannu, kamar yadda muke yi da handawut, sai a shekarar 2000 wata mujallar ilimi ta buga su.