Jule Charney: Ɗan Telan da Ya Sa Farin 1973 Cikin Lissafi

Kakana ba ya ƙirga shekaru da kalanda, da fari yake ƙirgawa. In ka tambaye shi yaushe aka haifi babana, sai ya ce maka damina biyu bayan babban fari, wato na 1973. Ya sha ba mu labarin wannan shekara a ƙauyenmu da ke gefen Gwadabawa: gero ya tsaya bai kai gwiwa ba, rijiyoyi suka ƙafe, shanunsa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har ya daina ƙirgawa. Buzaye da Fulani kuwa suka yi ta kwararowa daga Nijar ta Ƙonni da Illela, suna neman abin sa wa baka a cikin Sakkwato.

Da na zo rubuta furojet ɗina na ƙarshe a kan gurgusowar hamada, sai na buɗe babin farko da cewa makiyaya da manoma ne suka jawo wancan fari da yawan kiwo da saran itace. Haka na ji ana faɗa tun ina firamare, ban taɓa tunanin abin na da gardama ba. Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro ƙarƙashin layin, ya ce in je in nemo wanda ya fara kawo wannan magana a kimiyyance, in kuma bincika ko har yanzu tana nan tsaye. Neman nan ne ya haɗa ni da wani Ba'amurke mai suna Jule Charney, kuma wallahi tun daga lokacin kallon da nake yi wa hadari ya canza.

An haifi Jule Gregory Charney ranar 1 ga Janairu, 1917, a San Faransisko. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha, sana'arsu ɗinkin tufafi. Yana ƙarami suka koma Los Anjeles, can ya tashi a unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Tun yana sakandare ya koya wa kansa lissafin kalkulas daga littafi, wannan dai da ke sa wasunmu zufa a ɗakin jarabawa. Ya shiga Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, ya gama digirin farko a 1938, na biyu a fannin lissafi a 1940. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, sojojin Amurka suka buƙaci masu hasashen yanayi da yawa, jami'ar kuma ta buɗe sabon sashe ƙarƙashin masanin nan ɗan Norwe, Jacob Bjerknes. Charney ya shiga yana koyar da ɗaliban soja, shi ma yana koyo. A lokacin, masana lissafi da yawa ba su ɗauki hasashen yanayi da wata daraja ba, suna ganinsa kamar zanen taswira da cinta.

A wurin masana irinsa, iska da ruwan teku dangi ɗaya ne. Dukkansu kwarara suke yi, kuma dokokin Newton da muka yi a shekarar farko su ke tafiyar da su. Iska na tashi daga inda matsinta ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, kamar yadda take tsere wa tayar babur in ƙusa ta huda ta. To amma duniya juyawa take yi, don haka iskar da ta yi doguwar tafiya ba ta miƙewa sak: a arewacin duniya tana karkata dama, a kudanci hagu. Daga wannan ja-in-ja tsakanin matsi da juyawar duniya ne manyan iskoki da igiyoyin teku ke samun hanyarsu.

Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1946, ya amsa wata tsohuwar tambaya: daga ina manyan guguwoyin ƙasashen sanyi ke fitowa? Ya nuna da lissafi cewa bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙarshenta yana sa iskar yamma ta ƙara gudu yayin da ake yin sama, kuma in bambancin ya kai wani mataki, ɗan lanƙwasa kaɗan a cikin iskar zai yi ta girma da kansa har ya zama guguwa. Guguwar ce ke kwasar zafi ta kai shi wuraren sanyi. Aikin ya yi nauyin da mujallar masana yanayi ta Amurka ta ba shi fitowarta ta Oktoban 1947 gaba ɗaya.

Babban aikin da ya fitar da sunansa ya biyo baya. Tun 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa littafi kan yadda za a hasashi yanayi da lissafi zalla. Ya gwada da hannu, ya kwashe makonni yana lissafin awa shida kacal, amsar kuma ta fito da canjin matsin iska da bai taɓa faruwa a duniya ba. Aka ajiye hanyar tasa shekara da shekaru. Charney, bayan ya zauna da Carl-Gustaf Rossby a Shikago ya wuce Oslo, ya gano inda gizo ke saƙa. Lissafin iska ya ƙunshi kowane irin motsi, har da ƙananan girgiza masu saurin gaske irin na sauti, waɗanda ba ruwansu da ko gobe za a yi ruwa. Kuskure kaɗan a awo sai ya tayar da su, su rufe amsar gaskiya. A 1948 ya fitar da hanyar tankaɗe lissafin, kamar yadda iyayenmu mata ke sa gari a rariya: tsakin ya tsaya, a bar manyan motsi masu tafiya a hankali, waɗanda su ne yanayi.

A shekarar ce John von Neumann ya ɗauke shi ya jagoranci rukunin yanayi a cibiyar bincike ta Princeton. A watan Maris na 1950 suka tafi Aberdeen a jihar Maryland, inda sojoji ke ajiye da kwamfutar ENIAC, wata ƙatuwar na'ura da ta cika ɗaki, mai nauyin kusan tan 30. Suka yi sama da wata guda suna aiki dare da rana, suna ciyar da ita da katunan da aka huhhuda. Da bayanan wasu ranaku na farkon 1949 suka gwada, kuma hasashen awa 24 ya ci musu kusan awa 24. Wato kafin ka gama lissafin gobe, goben ta iso. Duk da haka sakamakon ya yi kama da abin da ya faru, karo na farko a tarihi. Charney ya aika wa Richardson kwafen aikin, dattijon ya gani kafin rasuwarsa a 1953. A 2008 wasu masana biyu suka maimaita wannan lissafi a wayar Nokia 6300, ta gama shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ku duba wayar da ke aljihunku, 'yan'uwa.

A 1956 ya koma jami'ar MIT, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi rubutu kan babbar igiyar ruwan ɗumi da ke bin gaɓar gabashin Amurka a Tekun Atilantika, ya yi kan yadda mahaukaciyar guguwar teku ke ƙulluwa. Yana cikin jagororin shirin binciken sararin duniya na haɗin gwiwa, wanda a ƙarƙashinsa aka yi babban gwajin 1974 mai hedkwata a Dakar, inda jiragen ruwa kusan 40 suka auna iska da teku a yammacin Afirka. Rariyar da ya ƙera ta fi aiki a ƙasashen sanyi, domin kusa da tsakiyar duniya ƙarfin karkatar da iska yana raguwa. Shi ya sa hankalinsa ya dawo kan yankuna masu zafi irin namu.

Mu nan Sakkwato iska biyu ke rabon shekara a kanmu. Akwai busasshiyar da ke zuwa daga arewa maso gabas, ta hunturu, mai kawo hazon da galibinsa ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi. Akwai kuma mai danshi da ke zuwa daga tekun kudu. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa a bazara, ya wuce mu, sai damina ta sauka daga wajen Yuni zuwa Satumba, hadari na tasowa daga gabas kamar yadda kowane yaro ya sani. In iskar kudu ba ta yi nisa ko kauri ba, shi ke nan, manomi ya shiga uku. Abin da ya faru ke nan daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974.

Charney ya lura da wani abu a awon tauraron ɗan Adam: hamadar Sahara, duk da zafinta, tana asarar zafi zuwa sama fiye da yankunan da ke kewaye da ita. Dalili ɗaya shi ne farin rairayi na mayar da hasken rana, kamar yadda farar riga ta fi baƙa sauƙin sawa a watan Afrilu. Iskar da ke can sama da irin wannan ƙasa tana yin sanyi, sai ta sauko, kuma iska mai saukowa ba ta haɗa gajimare. Daga nan ya ƙulla zancensa: in ciyawa ta ƙare, ƙasa ta yi fari, sai iska ta ƙara saukowa, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, abin ya yi ta zagayawa. Ya gabatar da wannan a lacca ga ƙungiyar masana yanayi ta Ingila a 1974, aka buga a 1975. Shi da abokan aikinsa suka gwada a kwamfutar wata cibiyar NASA da ke New York: suka ɗaga hasken da ƙasar yankin ke mayarwa daga kashi 14 cikin ɗari zuwa 35, ruwan sama ya faɗi da kimanin kashi 40 cikin ɗari.

Ga asalin layin da na rubuta a furojet ɗina. Abin da Charney ya kawo a matsayin hasashen da ke jiran gwaji, ya bi baki ya zama hukunci a kan makiyayi da manomi, har ya iso ajinmu na firamare.

Bincike bai tsaya nan ba. A 1986 masana uku na hukumar yanayin Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa ruwan Sahel na bin zafin tekuna: in tekunan kudancin duniya da na Indiya suka fi arewacin Atilantika ɗumama, damina ba ta hawowa arewa sosai. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin teku, ba su canza komai na kiwo ko noma ba, farin ya fito. Hotunan tauraron ɗan Adam kuma suka nuna bakin hamada na gangarowa kudu a shekarun fari, ya koma arewa in ruwa ya samu. Yau mafi yawan masana sun tafi a kan cewa teku ce ta kunna wutar, halin ƙasa kuma ya ƙara rura ta. Ke nan Charney ya yi kuskure a kan mafarin abin, amma ya yi daidai da ya ce ƙasa da sama na amsa wa juna, kuma shi ya buɗe wannan fage. Masu barin gawo da sauran itatuwa su sake tohowa a gonakin Maraɗi, da masu dashen Babbar Koriyar Ganuwa da ta ratsa jiharmu, ba aikin banza suke yi ba.

Shi bai ga wannan gyara ba. A 1979 ya shugabanci kwamitin da ya duba illar iskar kabon-dayoksaid, suka ce in ta ninka a sararin sama duniya za ta ƙara zafi da kimanin digiri 3 na Salshiyos, da yiwuwar ƙari ko ragin 1.5. Shekara sama da arba'in ke nan, ƙiyasin bai yi nisa da na yau ba. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Boston ranar 16 ga Yuni, 1981, yana da shekara 64, shekara uku kafin farin 1984 ya sake durƙusar da yankinmu.

Duk shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina: yaushe za ta sauka, yaushe za ta ɗauke, ina za a samu tsaikon ruwa. Jikan lissafin Aberdeen ne wannan. Sai dai kwamfuta ba ta san abin da ba a auna ba, kuma tashoshin awo a yankinmu ba su da yawa. Ma'aunin ruwan sama ba wani abu ne mai tsada ba. Ɗan sashen kwamfuta, da na ƙididdiga, da na aikin gona, da na lantarki, kowa na da abin da zai iya yi, ko da kai hasashen ne kunnen manomi da Hausar da zai gane.

Na sake rubuta babin farko. Da na je gida hutu na gaya wa Baba Tsoho cewa tekun da bai taɓa gani ba na da hannu a mutuwar shanunsa, kuma masana sun sauke masa kaso mai yawa na laifin. Ya yi dariya, ya ce shi dama bai taɓa jin ya yi wa kowa laifi ba, ruwa na Allah ne. Can kuma sai ya tambaye ni ko masu lissafin nan sun faɗi lokacin da ya kamata a yi shuka bana. Na ciro waya na duba masa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu sa'ar jarabawa.