Carl Friedrich Gauss: Ɗan Talaka Da Ya Zama Sarkin Lissafi

An haifi Gauss a garin Brunswick na ƙasar Jamus ranar 30 ga Afrilu, 1777. Iyayensa talakawa ne. Mahaifinsa yana aikin lambu da gini, mahaifiyarsa kuwa ba ta yi karatu ba, ko ranar haihuwarsa ba ta rubuta ba. Abin da ta riƙe shi ne ranar Laraba ce, kwana takwas kafin bikin hawan Yesu zuwa sama. Da ya girma sai ya tsara hanyar gano ranar Ista ta kowace shekara, ta haka ya san ranar haihuwarsa.

Ana ba da labari cewa wata rana malaminsu na firamare ya ce su tara lambobi daga 1 zuwa 100. Nan take yaron ya rubuta 5050. Ya lura cewa 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, har sau 50. Malamin bai yi biris da wannan baiwa ba, ya nemo masa littattafai. Daga baya sarkin Brunswick ya ɗauki nauyin karatunsa, har ya shiga jami'ar Gottingen a 1795.

A ranar 1 ga Janairu, 1801, wani masanin taurari ɗan Italiya mai suna Piazzi ya hango wata ƙaramar duniya da aka sa wa suna Ceres. Bayan 'yan makonni ta ɓace cikin hasken rana. Daga 'yan awon da aka samu, Gauss ya lissafa inda za ta ɓullo. A ƙarshen shekarar aka same ta kusa da inda ya nuna. Shekarunsa 24 a lokacin.

A 1810, yana nazarin wata irinta mai suna Pallas, ya fuskanci lissafi mai ɓoyayyun lambobi shida. Dabararsa ita ce kawar da su ɗaya bayan ɗaya. Ga misali: littafi 2 da biro 1 naira 800 ne, littafi 1 da biro 1 kuma naira 500. Idan ka ɗebe na biyu daga na farko, biro ya fita, saura littafi 1 a naira 300. Ke nan biro naira 200. Ko ɓoyayyun sun kai ɗari, hanyar ɗaya ce, kuma da ita kwamfuta ke aiki har yau.

Ko da yake ana kiran dabarar da sunansa, ba shi ya fara ta ba. Mutanen Sin sun rubuta ta wajen shekara 2,000 da suka wuce. Gauss ya tsara ta ne ya yi babban aiki da ita.

Bai rasa baƙin ciki ba, gama matarsa ta fari ta rasu a 1809, ta biyu a 1831. Ya riƙe mahaifiyarsa a gidansa har ta rasu. Shi kuma ya rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1855.

'Yan makaranta, kada talaucin gida ya karya muku zuciya, matsala kuma a bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mu malamai kuma mu buɗe ido, wataƙila wani Gauss yana zaune a bencin baya.