Tuna baya: Dick Tiger, gwanin naushin ƙugiya da ya kawo kambun duniya Ibadan

Cikin matasan da ke zuwa wuraren motsa jiki suna dukan buhu don rage teɓa ko ƙara ƙarfin numfashi, kaɗan ne suka san cewa ɗaya daga cikin gwanayen naushin ƙugiya a tarihin damben zamani ɗan Najeriya ne. Sunansa na yanka Richard Ihetu, amma duniya ta san shi da Dick Tiger. Sau biyu yana riƙe kambun duniya a ajin matsakaita nauyi, sannan ya haura aji na gaba ya ƙwace wani kambun. Ya rasu yana da shekara 42, bayan yaƙin basasa ya cinye akasarin abin da ya tara.

Daga kasuwar Aba zuwa Liverpool

An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929 a Amaigbo da ke jihar Imo ta yanzu. Iyayensa talakawa ne, don haka tun yana matashi ya shiga garin Aba neman na kansa, inda ya yi sana'ar tara kwalabe yana sayarwa. A can ya fara dambe, ya kuma shiga sahun masu yin sa don kuɗi a 1952.

A 1955 ya hau jirgin ruwa zuwa Liverpool a Ingila, inda ɗan ƙasarsa Hogan Bassey ya riga shi yin suna. Ƙasar ba ta karɓe shi da daɗi ba. Ga sanyi, ga abincin da bai saba ba, ga aikin masana'antar fenti da yake yi da rana kafin ya tafi atisaye. Wasanni huɗun farko da ya yi a can duk an doke shi, har wasu suka ɗauka ba zai kai labari ba.

Lamarin ya sauya a 1957. An kawo shi Landan ya kara da Terry Downes, matashin da Ingila ke ji da shi, bisa tunanin cewa nama ne aka kawo wa Downes. Sai ga shi Tiger ya yi masa dukan da ya sa aka tsayar da wasan. Downes ɗin ma daga baya ya zama zakaran duniya. A watan Maris na 1958 Tiger ya kashe Pat McAteer a turmi na tara, ya karɓi kambun ƙasashe renon Ingila. A 1959 ya koma Amurka.

Sirrin hannun hagu

Tiger gajere ne a ajinsa, tsayinsa kusan santimita 173, kuma ba shi da dogon hannu. Mai irin wannan ƙira ba zai tsaya daga nesa yana musayar miƙaƙƙen naushi ba, dole ya matso. Shi ya sa ya gina dambensa a kan naushin ƙugiya, wato lanƙwasasshen naushin da ke zuwa ta gefe ya sauka a muƙamuƙi ko haƙarƙari.

Wannan naushi ba ƙarfin damtse ba ne, kamar yadda sababbin shiga ke zato. Daga ƙasa yake tasowa. Mai naushin yakan ɗan ɗora nauyinsa a ƙafar gaba, ya murza tafin ƙafar, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, hannu kuma ya zo a ƙarshe da gwiwarsa a lanƙwashe kamar kusurwar bango. Hannun dama yana nan manne da haɓa yana tsaro. Wanda ya buɗe hannu ya yi lilo da shi daga nesa ya rage wa naushin nauyi, ya sanar da abokin karawa abin da ke tafe, ya kuma jefa kafaɗa da wuyan hannunsa cikin haɗarin targaɗe.

Abin da ya bambanta Tiger shi ne ƙafafu masu kauri da daidaiton tsayuwa. Yakan dunƙule jiki, ya bar abokin karawa ya fara kawo hari, ya kauce ko ya tare, sannan ya mayar da gajeren naushin hagu a jiki, ya ɗago da wani a kai. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da kamun kai: ba ya shan taba, ba ya giya, ba ya almubazzaranci, kuma bai wasa da atisaye. Wannan ne ya sa har ya kai shekara 40 yana karawa da manya.

Daren Ibadan

Ranar 23 ga Oktoba, 1962 ya hau dandali da Gene Fullmer a birnin San Francisco. Bayan turmi 15 alƙalai suka ba Tiger nasara, ya zama zakaran duniya a ajin matsakaita nauyi, wanda iyakarsa kusan kilo 72 da rabi. Karawa ta biyu a Las Vegas a Fabrairun 1963 ta tashi canjaras.

Ta ukun ita ce ta shiga tarihi. An yi ta ranar 10 ga Agusta, 1963 a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, karon farko da aka yi damben kambun duniya a Afirka ta Yamma, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su kara a Kinshasa. Tiger ya farfasa wa Fullmer fuska, aka tsayar da wasan bayan turmi na bakwai. Najeriya ba ta cika shekara uku da samun 'yancin kai ba, kuma a wannan dare Kudu da Arewa duk nasa ne. A shekarar ce Ingila ta ba shi lambar girma ta MBE.

Wata huɗu bayan haka Joey Giardello ya ƙwace kambun a Atlantic City, ya kuma yi ta jan ƙafa wajen ba shi damar ramawa. Tiger ya ci gaba da faɗa. A Mayun 1965 ya kai Rubin Carter ƙasa sau uku, a Oktoba kuma ya doke Giardello ya dawo da kambunsa. Mujallar The Ring ta zaɓe shi ɗan damben shekara a 1962 da kuma 1965.

A Afrilun 1966 Emile Griffith ya raba shi da kambun. Tiger yana da shekara 36, lokacin da da yawa ke ajiye safar hannu. Shi kuwa sai ya haura ajin da iyakarsa kusan kilo 79, inda kowa ya fi shi girma. A Disambar 1966 ya doke José Torres ya zama zakara, ya sake doke shi a Mayun 1967.

Yaƙi ya shigo

A daidai lokacin ne ƙasarsa ta rikice. Juyin mulkin Janairun 1966, da na Yuli, da kashe-kashen da suka biyo baya sun kai ga ɓallewar yankin Gabas a Mayun 1967. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara a fili. An ba shi muƙamin laftana, ya riƙa koya wa sababbin sojoji motsa jiki, yana kuma kai kuɗin dambensa gida. Gidaje da kadarorin da ya saya da guminsa suka salwanta. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girmanta saboda goyon bayan da take ba gwamnatin tarayya. Wannan mataki ya raba shi da ɗimbin masoyan da suka yi masa tafi a Ibadan.

Yana cikin wannan hali ya amince ya kara da Bob Foster ranar 24 ga Mayu, 1968 a Madison Square Garden da ke New York. Foster ya fi shi tsawo da kusan santimita 18, ya kuma fi shi ƙuruciya. A turmi na huɗu Foster ya sakar masa naushin ƙugiya na hagu a haɓa. Tiger ya faɗi rigingine, alƙali ya ƙirga goma bai miƙe ba. Makamin da ya yi suna da shi ne ya kashe shi, kuma shi ne karo ɗaya tak da aka yi masa irin wannan kisa a wasanni 82.

Bai daina ba. Karawarsa da Frankie DePaula a Oktoban 1968, wadda kowannensu ya faɗi sau biyu, ita aka zaɓa wasan shekara. A 1969 ya doke Nino Benvenuti na Italiya. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda Griffith ya ci shi da maki a Yulin 1970.

Ƙarshen rayuwa

Bayan ya bar dambe, mutumin da ya riƙe kambun duniya sau uku ya koma aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. A nan ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka gano kansar hanta ce. Yaƙi ya ƙare tun Janairun 1970, kuma gwamnatin Yakubu Gowon ta yi afuwa, don haka ya samu izinin komawa gida a 1971. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba na shekarar.

Ya bar tarihin nasara 60, faɗuwa 19 da canjaras 3, inda 27 daga nasarorin kisa ne. Wata tara bayan rasuwarsa, Issaka Daboré ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a dambe a gasar Olamfik ta Munich, lambar farko a tarihin ƙasar. A 1991 aka saka sunan Dick Tiger a zauren karrama gwarazan damben duniya da ke Canastota a jihar New York.