Abebe Bikila: Ɗan makiyayin da ya ci zinare ba takalmi

An haifi marigayi Abebe Bikila ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato da ke ƙasar Habasha. Mahaifinsa makiyayi ne. Da ya tasa sai ya shiga rundunar dogaran Sarki Haile Selassie a Addis Ababa, kuma sai da ya haura shekara 20 kafin ya rungumi gudun fanfalaki. Wani koci ɗan ƙasar Suwidin, Onni Niskanen, shi ya shafe shekaru yana horar da shi.

Nisan wannan gudu kilomita 42 ne da ɗoriya, wato kusan rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna. Shi ya sa masu koyo kan fara da gajeren zango, su kai kilomita 21, sannan su tunkari cikakken.

A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, sai ya yi gudun ƙafa ba takalmi. Ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinare a Olamfik. Ya maimaita a Tokiyo a 1964, 'yan makonni bayan an yi masa tiyata a ciki.

Haɗarin mota ya gurgunta shi a 1969, amma ya ci gaba da gasar harbin kibiya a kan keken guragu. Ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1973, yana da shekara 41.