Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya so rana ta ɗora mana tukunya

Jama'ar Sabon Maci da kewaye, da ƴan uwanmu da ke bin wannan shafi daga Kano, Libiya ko Abijan, yau tarihin wani ɗan jiharmu ta Maraɗi muka kawo muku. Duk wanda ɗansa ya ci BAC ya wuce Yamai ya san Jami'ar Abdou Moumouni. Amma a tambayi mutum wane ne mai sunan, sai ka ji shiru.

A Tasawa aka haife shi ranar 26 ga Yuni 1929. Ya fara lakwal a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, aka tura shi makarantar William Ponty ta Senegal, daga nan sai Faransa. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a kimiyyar fiziks, jarrabawar da ko Faransawa ke tsoronta, kuma shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta a wannan fanni. Yana ɗalibi ya shiga cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka da ta yi ta jayayya da mulkin mallaka. Ya koyar a Dakar, kuma da Gine ta ce wa De Gaulle a'a a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, Konakiri ya tafi ya riƙe alli. Littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya kare koyar da yara da harshen da suka tashi da shi.

To, amma aikin ransa rana ce. Ya ƙaro ilimin makamashinta a Tarayyar Sobiyet, ya jagoranci ɗakin bincikenta a Bamako daga 1964, ya sami babban digirinsa a 1967. A 1969 ya dawo gida ya riƙe ONERSOL, ofishin ƙasa na makamashin rana, har 1985. Ya kuma shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982.

Me ya gani a ranar da mu muke gudu zuwa inuwa? Da tsakar rana, in sama ta yi garau, fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi yana samun kusan wat 1,000. Hasken nan kuma ba iri ɗaya ba ne. Bakan gizo yana nuna mana launukan da ido ke gani, amma kusan rabin ƙarfin rana yana ƙasa da ja, inda ido ba ya kaiwa, fata ce kawai ke jin sa zafi. Wani ɗan kaɗan yana sama da shuɗi, shi ke kodar da zane a kan igiya. Masana na auna yawan ƙarfin da ke kowane mataki, kamar yadda mai awo ke ware hatsi da dawa da wake. Wanda ya san wannan awo shi ya san dalilin da baƙin ƙarfe ke shan zafi, da dalilin da gilashi ke barin haske ya shiga ya hana zafin fita. Da haka ONERSOL ta ƙera tankunan ɗumama ruwa, da na'urar busar da abinci, da murhu mai madubi kamar faifai wanda ke tara haske a gindin tukunya.

Murhun bai cika gidajenmu ba, kuma ba don mata sun ƙi ci gaba ba ne. Yana da tsada ga manomi, sai an riƙa juya shi yana bin rana, ga shi tuwonmu na dare ne. Amma matsalar da ya hango tana nan: ku tambayi matan da ke fita tun asuba neman icce tsakanin nan da Kornaka, ko masu girki da kara da kashin shanu wanda ya kamata ya koma gona. Panno da ke caja salula a kasuwarmu yau daga waje ake kawo shi, alhali shi so ya yi a ƙera kayan a nan, da hannun ɗiyan ƙasa.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991. A wannan rana ce kuma ƴan sama jannatin Amurka suka saki wani tauraron ɗan'adam mai suna Compton, mai nauyin tan 17, bayan biyu daga cikinsu sun fita waje sun warware eriyarsa da ta maƙale. Marigayin ba shi da hannu a aikin, amma awon iri ɗaya ne da nasa, a can ƙarshen tsanin haske. Sama da hasken da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi akwai wanda ake kira gama. Iskar duniya na tare shi, shi ya sa sai daga sama ake ganin sa. Taurarin sojan Amurka masu gadin gwajin nukiliya ne suka fara cin karo da walƙiyarsa a 1967, ba a bayyana ba sai 1973.

Compton ya riƙa ganin walƙiya kamar ɗaya kowace rana, kusan 2,700 kafin a sauko da shi a 2000. Ta kowace kusurwa suke zuwa daidai wa daida, alamar cewa daga nesa ƙwarai suke, bayan tarin taurarin da muke ciki. Awon ya raba su biyu: gajeru da ba sa kai daƙiƙa 2, masu haske mai kaifi, da dogaye masu ɗan sauƙi. Yawancin dogayen mutuwar ƙaton tauraro ce, gajerun kuwa karon gawarwakin taurari biyu. A cikin daƙiƙu kaɗan, walƙiya guda kan fitar da ƙarfin da ranarmu za ta fitar a duk tsawon rayuwarta, wajen shekara biliyan 10.

Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1992, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Allah ya jiƙan sa da rahama.