Sarki Faisal, wanda ya rufe wa Amurka famfon mai

Duk wanda ya taɓa shiga N'Djamena ya san masallacin Sarki Faisal da ke daf da babbar kasuwa. Yara da yawa suna sallah a ciki ba su san ko wane ne mai sunan ba, balle su san cewa akwai lokacin da ya sa Amurkawa suka bi dogayen layuka a gidajen mai.

An haifi Faisal ɗan Abdul'aziz a Riyad a 1906. Yana da shekara 13 mahaifinsa ya tura shi Ingila, a 1930 kuma ya zama ministan harkokin waje, don haka ya san Turawa ciki da bai tun da ƙuruciya. Yayansa Sa'ud ya yi facaka da baitulmali har ƙasar ta shiga bashi. Faisal ne ya ɗaure bakin jaka, a 1964 kuma 'yan gidan sarauta da malamai suka sauke Sa'ud suka naɗa shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da farko Faisal bai so a haɗa mai da siyasa ba. An gwada hana Turawa mai a yaƙin 1967, abin bai yi tasiri ba, domin a lokacin Amurka tana da rarar man da za ta cike giɓi. Ga shi kuma yana tsoron kwaminisanci da tasirin Tarayyar Sobiyet a ƙasashen Larabawa, yana ganin Amurka ce garkuwarsa. Amma zuwa 1973 rarar nan ta ƙare, kasuwa ta koma hannun mai rijiya. Ya kira shugabannin Aramco, ya gargaɗe su cewa goyon bayan da gwamnatinsu ke ba Isra'ila zai ja musu asara. Sun kai saƙon, ba a kula ba.

Ranar 6 ga Oktoba 1973 Masar da Siriya suka far wa sojojin Isra'ila. Ranar 17 ga wata ministocin mai na Larabawa suka zauna a Kuwait suka yanke rage haƙo da kashi 5 cikin ɗari kowane wata. Da Shugaba Nixon ya nemi majalisa ta ba Isra'ila dala biliyan 2.2, sai Saudiyya ta dakatar da sayar wa Amurka mai ɗungurungum, Holand ma ta samu rabonta. Gangar da ake sayarwa kusan dala 3 ta kai dala 11.65 a watan Janairun 1974.

To a nan ne abin mamakin yake. A lokacin fa akasarin Aramco na kamfanonin Amurka huɗu ne, Exxon da Texaco da Mobil da Socal. Su ne aka umarta su aiwatar da takunkumin a kan ƙasarsu, har da hana sojojinta mai, kuma suka bi, don kada a ƙwace musu rijiyoyi. Amma su ɗin ne suka riƙa karkata man Iran da Najeriya da Benezuwela zuwa ƙasashen da aka hana, kuma ribarsu a shekarar ta yi tashin gwauron zabi.

A watan Maris 1974 aka janye takunkumin. Ƙudus, wadda Faisal yake burin yin sallah a cikinta, tana nan a hannun Isra'ila. Kafin shekarar ta ƙare Saudiyya ta fara zuba kuɗin man a takardun bashin gwamnatin Amurka, tana kuma sayen makamanta. A ganina a nan Amurka ta rama, domin wanda ya ajiye dukiyarsa a ɗakinka ba zai so ɗakin ya ƙone ba.

Mu ma a nan abin ya shafe mu. A watan Nuwamba 1972 Faisal ya zagaya Yuganda da Chadi da Senegal da Muritaniya da Nijar. Cikin 'yan makonni Chadi da Nijar suka yanke hulɗa da Isra'ila, bayan yaƙin kuma kusan duk Afirka ta bi sahu. Sai dai tsadar man ba ta bambance aboki da abokin gaba ba. Ta iske ƙasashen Sahel cikin farin da ya ƙarar da dabbobi, kuɗin mota da na kananzir suka hau kan talaka. Don rage raɗaɗin ne Larabawa suka kafa bankin raya Afirka mai hedikwata a Khartum, a 1975 kuma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya buɗe a Jidda. An samu masallatai da makarantu da rance, amma shugabannin Afirka da dama sun yi ta ƙorafin cewa taimakon bai kai abin da tsadar ta cinye ba.

Ranar 25 ga Maris 1975, Faisal yana karɓar baƙi daga Kuwait a fadarsa, ɗan ɗan'uwansa, Faisal ɗan Musa'id, ya matso kamar zai yi gaisuwa, ya harbe shi. An binne shi a maƙabartar Al-Ud da ke Riyad, a kabarin da ba a rubuta suna a kansa ba. Allah Ya jiƙansa.